Turaren Hatsi A Kwantena: Aikin Yana Farawa Ne Daga Jeren Buhuna

Duk wanda ya bi hanyar Bauchi ya ratsa Tumfure tsakanin watan Nuwamba da Janairu zai ga motoci suna sauke wake da masara da riɗi a shaguna da sito-sito na bakin titi. Ban da waɗannan, akwai wani ma'aji da ke ƙara samun karɓuwa wurin 'yan kasuwar hatsi, wato tsohuwar kwantena ta jirgin ruwa, wadda ake saye a girke a fili a mayar da ita rumbu. Dalilinsu a fili yake: ɓera ba ya huda ta, ɓarawo ba ya fasa ta cikin sauƙi, ruwan sama kuma ba ya shiga idan rufinta lafiya yake.

A kakar da ta wuce, wani malamin gona ya kai ni wurin wani ɗan kasuwa a wannan unguwa, wanda ya cika irin wannan kwantena da wake. Kafin mu gama gaisawa ya ce mini, "Hajiya, maganin yanzu duk jabu ne. Sau biyu ina zuba bom a ciki, amma ƙwaro bai san ma ina yi ba." Na ce, "Alhaji, a buɗe mu gani tukuna." Da aka buɗe aka bari ta sha iska, sai na ga buhuna tun daga daɓe har rufi, an dandanne su har bakin ƙofa, babu inda hannu zai shiga. Wasu ma an yi musu rigar leda a ciki. Robar da ke kewaye da ƙofar ta tsage a wurare biyu. An watsa ƙwayoyin ne a kan buhunan bakin ƙofa, ga tokarsu nan a zube. Waken da muka ɗebo daga nan babu ƙwaro mai rai, amma da 'yan dako suka janye layi uku muka soka wa buhun ciki ƙarfen ɗibar samfur, sai ga ƙwari suna yawo a tafin hannu.

Maganin Alhaji ba jabu ba ne. Ya kashe duk abin da ya kai gare shi. Ra'ayina, wanda nake so malaman gona su ɗauka su kai wa manoma da 'yan kasuwa, shi ne cewa nasara ko faɗuwar turaren hatsi ana yanke ta ne ranar da 'yan dako suka jera buhuna, tun kafin a fasa gwangwanin magani. Mun shafe shekaru muna koyar da yawan ƙwayoyin da za a sa, mun bar batun jeri a hannun leburori, alhali kuwa a nan ne asarar take faruwa.

Ƙwayar da ake kira bom a kasuwa, irin su Phostoxin, ba ita ce ke kashe ƙwaro da kanta ba. Idan ta haɗu da damshin da ke cikin iska sai ta ruɓe ta saki wata iskar guba mai suna fosfin. Kowace ƙwaya mai nauyin giram 3 tana sakin giram 1 na wannan guba. Aikin gubar shi ne ta bazu a ko'ina cikin ma'aji, ta ratsa saƙar buhu, ta shiga tsakanin ƙwayoyin hatsi, har ta kai ga abin da ke ɓoye a cikinsu. Sharuɗɗa uku ne suke sa ta yi haka: ta sami hanyar zagayawa, ta kasa samun hanyar fita, sannan a ba ta isassun kwanaki. Idan ɗaya ya rushe, sauran biyun ba su da amfani.

Batun kwanaki yana da alaƙa da rayuwar ƙwaron wake. Macen tana manna ƙwai a jikin wake, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki, ta ci, ta kwanta ta rikiɗa, sannan ta fito a matsayin babban ƙwaro ta bar ramin nan da kowa ya sani. A lokacin zafi duk wannan bai wuce mako uku zuwa huɗu ba. Babban ƙwaro mai yawo yana shaƙar iska da yawa, saboda haka shi ne ke fara mutuwa, wani lokaci cikin kwana ɗaya. Ƙwai da wanda ya kwanta yana rikiɗa kuwa numfashinsu kaɗan ne ƙwarai, guba ba ta cika kama su ba sai sun motsa zuwa mataki na gaba. Wannan ne ya sa ake buƙatar gubar ta zauna da ƙarfinta na aƙalla kwana 7 idan zafi ya haura digiri 25, ko kwana 10 idan yana tsakanin digiri 15 da 25. Mai hatsin da ya buɗe bayan kwana uku ya ga matattun ƙwari a ƙasa ya yi murna, ya bar 'ya'yansu ne a ciki, kuma bayan wata guda zai ce an sayar masa da jabu.

To, yaya ya kamata a jera? Abu na farko shi ne ƙasa. Kada buhu ya taɓa daɓen kwantena. A shimfiɗa katakon ɗora kaya, ko a jera sandunan katako masu tsabta waɗanda babu ƙwaro a jikinsu, yadda iska za ta bi ta ƙarƙashi daga ƙofa har ƙurya. Wannan yana kuma kare layin ƙasa daga gumin da ƙarfe ke yi. Sannan sama: a bar sarari tsakanin buhun ƙarshe da rufi, aƙalla kamu biyu. Ta nan ne gubar ke tafiya zuwa ƙurya, kuma a nan ake rataye ko ajiye faifan da aka shimfiɗa ƙwayoyin a kai, a rarrabe daga gaba zuwa baya, ba tare da ƙwaya ta hau kan ƙwaya ba. A bar 'yar tazara tsakanin buhuna da bango, kuma in da hali a bar siririn lungu a tsakiya. A bakin ƙofa ma a ja baya kaɗan, domin buhun da ya danne ƙofa yana hana ta rufuwa ruf, kuma yana iya faɗowa kan mai buɗewa.

Waɗanda suka taɓa ganin hotunan dalar gyaɗa ta Kano sun san 'yan dakonmu ba su rasa gwanintar gini da buhu ba. Abin da aka saba ce musu shi ne su cusa iyakar abin da wuri zai ci. Idan aka ce musu su gina yadda iska za ta zagaya, aka nuna musu sau ɗaya, za su yi shi fiye da yadda ni zan zana a takarda.

Leda ita ce matsala ta biyu, kuma ita ce aka fi yi wa rashin fahimta. Buhun da aka yi wa riga da leda mai kauri, ko tarin kaya da aka naɗe da leda aka ɗaure, ya zama ɗaki a cikin ɗaki. Gubar da ke waje ba za ta shiga da ƙarfin da zai kashe ƙwaron ciki a kwanakin da aka ɗiba ba. Ƙasar Ostiraliya, wadda ta yi suna wajen tsanani a kan kayan da ke shiga mata, ba ta karɓar turaren da aka yi wa kayan da ke lulluɓe da leda sai an cire ta ko an tsaga ko an huhhuda ta kafin a saki guba. Ga katako kuma ta gindaya cewa kaurinsa kada ya wuce santimita 20 ta ɓangare guda, kuma a sa tsakani a cikin jerinsa, domin ta san iyakar inda guba ke iya ratsawa. Doka ce da aka gina a kan yadda iska ke tafiya, kuma iska ba ta canza hali don ta zo Gwambe.

A nan ya kamata a bambance. Buhun PICS mai riga uku, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a shekarar 2007, wani tsari ne daban. Shi yana kashe ƙwaro ne ta hanyar toshe masa iska har ya shanye wadda ke ciki ya mutu. Ba ya buƙatar ƙwaya, kuma sa masa ita ɓarnar kuɗi ce da jefa mai buɗewa cikin haɗari. Wanda ya zuba wakensa a irin wannan buhu ya ɗaure da kyau, ya jera a kwantena don kare shi daga ɓera kawai. Wanda kuma ya zaɓi turare, to ya yi amfani da buhun saƙa da iska ke ratsawa. Gauraya biyun a ma'aji ɗaya, kamar yadda Alhaji ya yi da ledojin da ba su da kaurin toshe iska gaba ɗaya amma suna da kaurin rage guba, shi ne mafi muni.

Bayan an ba gubar hanya a ciki, sai a rufe mata ta waje. Kwantenar da ta gama yawo a teku ta zo hannunmu galibi ta tsufa. A shiga ciki da rana kafin lodi, a sa wani ya rufe ƙofa, a duba inda haske ke shigowa. Duk inda haske ya shigo, guba za ta fita. A liƙe ƙananan tagogin shan iska da ke saman kusurwoyi, a duba daɓen katakon ko ya tsage, a sauya robar ƙofa ko a liƙe gefunanta da salatif mai faɗi bayan an rufe. Idan ta yi lalacewar da ba za a iya liƙewa ba, a gina buhunan a kan shimfiɗaɗɗiyar leda mai kauri, a lulluɓe da tamfol na turare, a danne gefunansa da buhunan yashi layi biyu. Lissafin ƙwaya kuma a yi shi da girman wurin da aka rufe. Kwantena mai ƙafa 20 tana da faɗin ciki na kimanin kubik mita 33, mai ƙafa 40 kuma kimanin 67, ko a cike take ko rabi ce, domin gubar za ta cika duk sararin. A bi adadin da aka rubuta a jikin gwangwani.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman a wannan yanki. Lokacin da muke yawan turare shi ne lokacin hunturu, bayan girbin wake. Iskar hunturu busasshiya ce, ƙwayar kuma damshi take buƙata ta ruɓe, saboda haka tana sakin gubarta a hankali. Ga sanyin dare da ke sa ƙwaro ya lafa ya rage numfashi. Bugu da ƙari, ƙarfen kwantena yana ɗaukar zafi da rana, iskar ciki ta kumbura ta fice ta kowace ƙofar allura, da dare kuma ya huce ya zuƙo sabuwar iska. Kullum kwantenar da ke tsakiyar rana tana yin wannan numfashi, tana rage ƙarfin gubar. Shawarata ga masu turare a Disamba da Janairu ita ce su ɗauki kwana 10 a matsayin mafi ƙaranci, kuma su yi wa kwantenar rumfa ko su shafe rufinta da farin fenti.

Na san abin da ɗan kasuwa zai ce, domin an faɗa mini shi ido da ido: duk sararin da aka bari wurin buhu ne, buhu kuma kuɗi ne. Gaskiya ne. Layin sama da aka rage da lungun tsakiya za su sa wasu buhuna su rasa wuri, sai an nema musu wani ma'aji. Amma a ɗora wannan a sikeli da abin da ke ɗaya gefen. Waken da ƙwaro ya huda farashinsa yana faɗuwa a Tudun Hatsi tun kafin mai saye ya gama juya shi a hannu, kuma ba layi ɗaya ke faɗuwa ba, kwantenar ce gaba ɗaya. Ga kuɗin magani sau biyu ko uku, ga kuɗin saukewa da tankaɗewa da sake lodi. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ɗan dako kuma ana biyansa ne da yawan buhun da ya ɗauka, don haka ba shi da dalilin ɓata lokaci yana auna tazara. In ana so ya yi jerin kirki, a ƙara masa wani abu a kan jerin, kuma mai kaya ko yaronsa ya tsaya a wurin har a gama.

Abin da ya fi damuna ya wuce asarar mutum ɗaya. Idan turare ya ƙi ci, mai hatsi ba ya zargin jerinsa. Yakan ƙara ƙwaya, ya ƙulle ta a tsumma ya cusa a kowane buhu, ko ya koma ga fiya-fiya da sauran magungunan feshi waɗanda ba a yi su don abinci ba. Mutanen Gwambe ba su manta da shekarar 2008 ba, lokacin da ɗalibai fiye da 100 na makarantar 'yan mata ta Doma suka kwanta a asibiti bayan cin wake, binciken hukumar NAFDAC kuma ya nuna maganin ƙwari a cikin abincin. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan sinadarin dikulobos da aka yi ta samu a jikinsa, wani samfurin ya ninka abin da suka yarda da shi sau ɗaruruwa, kuma daga baya an tsawaita dakatarwar fiye da sau ɗaya. Har ila yau, duk turaren da ya kashe raunanan ƙwari ya bar masu tauri, kiwon masu tauri aka yi. An riga an sami ƙwarin hatsi da ke jure wa fosfin a ƙasashe irin su Indiya da Ostiraliya, kuma sanadin shi ne yawan turare a wuraren da ke yoyo. Ba mu da wani magani mai araha da zai maye gurbin wannan ƙwaya idan muka kashe kaifinta da hannunmu.

Duk abin da aka faɗa game da kwantenar da ke girke a Tumfure ya shafi wadda ke zuwa mana daga ƙetare, har ma ya fi. Ƙwaron da ya tsira a kwantenar Alhaji namu ne na gida. Wanda ya tsira a kwantenar da aka yi wa mummunan lodi a wata nahiya baƙo ne da ba shi da abokin gaba a nan. Babban ƙwaron nan mai huda masara da busasshen rogo asalinsa daga yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya yake. Ya bayyana a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, inda manoma suka yi masa laƙabi da Scania, ya kuma ɓulla a Togo a farkon shekarun 1980, daga can ya bazu zuwa Benin da Gana da Nijeriya. Masana sun fi karkata ga cewa a cikin lodin hatsi ya ƙetaro teku. Sai da aka kai ga shigo da wani ƙwaro mai cinsa daga ƙasarsa ta asali aka sake shi a Togo a 1991, amma har yau bai bar nahiyar ba.

A da ana ganin wannan batu na mutanen Apapa ne da jami'an hukumar killace kayan gona ta NAQS. Yanzu kan iyaka ta matso. An buɗe tashar kaya ta kan tudu a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa kuma a 2024. Manufar waɗannan tashoshi ita ce kwantena ta taho a rufe daga bakin teku a buɗe ta a Arewa, wato a tsakiyar ƙasar hatsi. Jami'in da ya tarar da kwantena a cushe har rufi, kaya a naɗe da leda, yana riƙe da takardar shedar turare daga ƙasar da aka yi lodi, ya kamata ya san cewa takardar tana shedar an saki guba ne kawai. Idan kuwa zai sake turarawa a nan, ba zai yiwu ba sai an sauke an sake jeri, mai kaya ya biya kuɗin jira. Gubar da aka fi amfani da ita a wannan aiki na kan iyaka, wato metil buromaid, ta fi iska nauyi fiye da sau uku, tana kwanciya a ƙasa, sai an sa fanka ta kaɗa ta, fanka kuma ba ta kaɗa komai a inda babu sarari. Yarjejeniyar Mantiriyal ta hana amfani da ita a ƙasashe masu tasowa tun 2015, in ban da aikin killacewa da na gab da lodin fitarwa, saboda haka ba abin da manomi zai nema a kasuwa ba ne.

Ga 'yan kasuwarmu masu odar iri ko hatsi ko kayan abincin kaji daga waje, ina ganin lokaci ya yi da za su riƙa rubuta sharaɗin lodi a cikin yarjejeniyar saye: kaya a kan katako, sarari a sama, babu ledar da ba a huda ba. Su kuma duba katakon kansa. Tun 2002 akwai ƙa'idar duniya mai lamba ISPM 15, wadda ta wajabta a gasa katakon ɗaurin kaya har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, ko a turara shi, sannan a buga masa hatimi mai alamar zangarniyar alkama. Katakon da ba shi da wannan hatimi, ko mai ɓawo da ramukan ƙwaro, kada a kai shi sito a ɗora masa masara. Masu fitar da riɗi da zoɓorodo kuma su sani da wannan mudu za a auna musu a can.

Sauran magana ita ce ta ran mutum. Fosfin ba ta bambance ƙwaro da ɗan Adam. Unguwa irin Tumfure, inda gidajen kwana ke manne da shaguna, ba wurin turare a ɗaki ba ne, domin gubar tana bi ta silin da tsagar bango ta iske masu barci. Kwantenar da za a turara ta kasance a fili, nesa da ɗakin kwana da garken dabbobi, a sa mata kwaɗo da rubutun gargaɗi da ranar da aka rufe. Kada a turara kaya a kan motar da ke tafiya. Kada ruwa ya taɓa ƙwayar, kuma kada a tara ta wuri ɗaya, domin tana iya kamawa da wuta. Ranar buɗewa a tsaya ta inda iska ke fitowa, a wangale ƙofofin a bar wurin, kada kowa ya shiga sai ta sha iska na kwanaki kamar yadda takardar maganin ta ce. Warin tafarnuwa da ake ji ba ma'auni ba ne, yana iya gushewa alhali gubar tana nan. Tokar da ta rage a kan faifai, musamman a hunturu, takan ɓoye sauran ƙwayar da ba ta gama ruɓewa ba. A ɗauke ta da safar hannu a sarari, a kai ta bayan gari nesa da rijiya a binne.

Ƙaramin manomi mai buhu biyar ko goma ba shi da buƙatar shiga wannan haɗari ko kaɗan. Buhun PICS ko durom mai murfin da ke toshe iska ya ishe shi. Malamin gona kuwa, idan ɗan kasuwa ya kira shi a kan turaren kwantena, ya nemi a kira shi ranar lodi, ya zo da tef ɗin awo da tocila, ya shiga ya duba haske kafin buhun farko ya shiga.